Sikelin da Ya Sha Ƙura Ba Ya Faɗin Gaskiya

Na gaji. Wallahi na gaji da ganin mutum ya zuba miliyoyin naira a injin casar shinkafa, ya gina sito, ya ja katanga, ya ɗauki mai gadi, amma idan aka zo kan sikeli, abin da duk cinikinsa ya rataya a kai, sai ya aika yaro kasuwa ya ce a sayo mai araha. Daga baya kuma a zo ana salati wai kilo ya rikice.

Ni ma na sha wannan ɗacin. Bara muka sayi sikeli na ɗora buhu, mai shagon yana ta rantsuwa, "Alhaji, wannan ko a kogi ka jefa shi ba abin da zai same shi." Hunturu ɗaya ya yi a cikin ƙurar ɓuntu, ruwan damina ya taɓa shi sau biyu, sai lambobi suka fara rawa. Buhu ɗaya, awo uku, amsa uku! Da mai gyara ya buɗe cikinsa, laka ce danƙare da tsatsa. Ya nuna mini wani ɗan rubutu a jikinsa: IP54. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ni an sayar mini da rariya da sunan ƙwarya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, maganar IP ɗin nan ba wani karatun jami'a ba ce. Lambobi biyu ne kacal. Ƙa'ida ce ta duniya mai suna IEC 60529. Lamba ta farko, daga 0 zuwa 6, tana faɗin yadda na'ura ke kare kanta daga ƙura: 5 na nufin ƙura za ta ɗan shiga, 6 na nufin ba ta da hanya ko kaɗan. Ta biyu kuma ta ruwa ce: 4 fantsama kawai take jurewa, 5 feshin tiyo, 6 feshi mai ƙarfi, 7 nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, 8 kuma nutsewar da ta wuce haka gwargwadon abin da kamfanin ya ƙayyade. Sai IP69K, na wuraren da ake wanke kaya da ruwan zafi mai digiri 80 da matsanancin ƙarfi, irin masana'antar madara da nama. Shi ke nan fa! Ko wanda bai yi boko ba, in aka yi masa bayani sau ɗaya ya riƙe. To don me masu sayarwa ke rufe mana baki da "mai hana ruwa ne"? Wane ruwan? Yayyafi, ko malkar Agusta?

Ka je kasuwar Dawanau a tsakiyar hunturu ka tsaya inda ake sheƙar riɗi da wake da zoɓo, ka ga yadda gashin idonka ke yin fari kafin azahar. A nan za a ajiye sikelin da aka ƙera don teburin kanti mai na'urar sanyaya ɗaki? Ka duba sikelin tirela da ake haƙa wa rami, damina ta sauka ramin ya zama kududdufi, ƙarafan da ke jin nauyi su kwana cikin ruwa, alhali abin da aka saka bai wuce IP65 ba. Wuri ne da ke buƙatar IP68 da magudanar ruwa mai aiki. Sannan a ce shaiɗan ne ya shiga mizani. Haba jama'a!

Akwai kuma wata yaudarar da ta fi wannan ciwo. Za a nuna maka babbar lamba a jikin ƙarfen da ke jin nauyi, amma akwatin da wayoyi ke haɗuwa da allon da ke nuna kilo a buɗe suke kamar ƙofar kasuwa. Ruwa ba ya neman inda aka toshe, ɓaraka yake nema. Kuma kada wani ya ce maka tunda na'ura ta jure nutsewa to za ta jure feshin tiyo. Gwaji biyu ne daban. Lambar nan ba ta ce komai ba game da takin zamani da gishiri masu cin ƙarfe, ko ɓeran da ke gwaguyar waya, ko tsawa. Mai awon taki ko kifi sai ya nemi ƙarfen da ba ya tsatsa. A ɗaya ɓangaren kuma ga dillalin da zai ɗora wa mai busasshen sito IP69K don kamashonsa ya yi kauri. Duk zalunci ne.

Wa ke biyan kuɗin wannan sakaci? Sikelin da danshi ya shiga ba ya mutuwa nan take, ƙarya yake farawa a hankali. Ka ƙaddara rabin kilo yake ci a kowane buhu. A buhu 300 an yi kilo 150, buhu ɗaya da rabi na gumin wani manomi da ya taso tun asuba daga ƙauye. Mu da muka tashi muna jin labarin mutanen Annabi Shu'aibu, muna karanta Suratul Muɗaffifin a salla, mu ne za mu ce ba mu sani ba, laifin na'ura ne? Na'urar wa ya sayo ta?

Ɗan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka biya ko sisi, dubi wurin aikinka: ƙura ce, wanki ne, ko ambaliya? Ka nemi a nuna maka lambar kowane sashe a rubuce cikin takardar kamfani, ba a fatar baki ba. Wanda ya kasa nuna maka, ɗauki kuɗinka ka yi gaba. Haƙƙin mutane ne kake ɗorawa a kan ƙarfen nan, kuma za a tambaye ka.