Idan Ruwa Ya Shiga Baƙin Mai

A watan Oktoba, lokacin yankan riɗi a ƙauyukan Dinder da Mai Wurno, duk motar da ta kwanta a gareji ta jawo wa gida asara. Cikin cututtukan da ke kwantar da ita har da shigar ruwan lagireto cikin baƙin mai.

Alamar ba ta ɓuya. A zaro sandar awon mai. In man ya koma kamar shayi da madara, lagireto kuma kullum yana neman ƙari alhali babu ɗigo a ƙasa, to kada a sake tayar da inji. Man da ya gauraya da ruwa ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe, ƙarshenta inji ya buga.

Juyen mai kaɗai ba magani ba ne, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Galibi gasket ɗin kan silinda ne ya ƙone saboda zafi. Wani lokaci kan ne ya lanƙwashe ko ya tsage. Bakanike ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe ya duba. In ya lanƙwashe a kai a daidaita shi, in ba haka ba sabon gasket ma zai ƙone. A ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, sannan a canza mai da filta sau 2.

A kuma guji zuba ruwan kogi mai laka, domin yana toshe lagireto ya haddasa zafin.

Allah Ya kiyaye mana dukiyoyinmu.