Ilimin jima'i: An ce a bar wa iyaye da malamai, to wa ke koyar da yaran?

A watan Nuwamban 2022, a wajen taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa da aka yi a Abuja, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu da ta cire ilimin jima'i daga darussan makarantun firamare da ƙananan sakandare. Hujjarsa ita ce Najeriya ƙasa ce ta masu riƙo da addini, kuma irin wannan tarbiyya aikin iyaye ne da malaman addini, ba na malamin aji ba.

A Arewa mutane da dama sun yi na'am da umarnin, yayin da ƙungiyoyin da ke aikin lafiyar matasa suka yi ta kokawa. An yi 'yan makonni ana cece-ku-ce, daga nan ƙura ta lafa. Tambayar da ba a koma kanta ba ita ce: iyayen da malaman da aka ce an miƙa wa aikin, sun karɓa kuwa?

Rigimar suna

Wannan taƙaddama ta girmi Adamu Adamu a kujerar minista. A 1999 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a shigar da ilimin jima'i cikin manhaja, a daidai lokacin da cutar ƙanjamau ke yi wa ƙasar barazana. Da aka fitar da daftarin farko, malaman Musulunci da na Kirista suka yi masa ca. Aka koma aka tace shi, aka rage wasu sassa, aka kuma canja masa suna zuwa Ilimin Zamantakewar Iyali da Cutar Ƙanjamau, wanda aka fi sani da FLHE. A 2003 ya fito da sabon sunan, aka kuma bai wa kowace jiha damar gyara shi daidai da al'adarta.

Ba darasi ne mai zaman kansa ba. An cusa shi ne cikin wasu darussa kamar kimiyya da nazarin zamantakewa, kuma abin da ya fi ƙarfafawa shi ne kame kai. Ya ƙunshi sauye-sauyen balaga, tsafta, yadda ake kamuwa da ƙanjamau, da yadda yaro zai ce a'a idan an matsa masa. Wanda ya karanta shi zai yi mamakin yawan hayaniyar da aka yi a kansa.

Sai dai ba za a ce fargabar iyaye ba ta da tushe ba. Wasu littattafan da 'yan kasuwa ke bugawa suna sayar wa makarantu masu zaman kansu sun zarce abin da manhajar ta tanada, kuma babu mai tantance su yadda ya kamata. Hakan ne ya kai ga gwamnatin Kano ta haramta amfani da wasu littattafan karatu a watan Oktoban 2023, ciki har da Queen Primer, bisa zargin suna ɗauke da abubuwan da ke ɓata tarbiyya. Ga kuma sunan kansa. Uban da ya ji an ce za a koya wa 'yarsa mai shekara 12 "ilimin jima'i", abin da zai fahimta shi ne za a koya mata yadda ake yi. Fassarar ta yi wa batun illar da har yau bai farfaɗo daga gare ta ba.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 29, a Kudu maso Yamma kuwa kashi 6 ne. Jihar Bauchi ce ke kan gaba da kashi 41, Legas na da kashi 1. A cikin waɗanda ba su taɓa shiga makarantar boko ba, kashi 44 ne.

Akwai abin da masu fafutuka kan tsallake idan suna kawo waɗannan alƙaluma: yawancin wannan haihuwa a Arewa cikin aure ake yin ta. Saboda haka ba za a ɗauke ta a matsayin shaidar lalacewar tarbiyya ba, kuma darasin aji ba zai rage ta kai tsaye ba, tunda akasarin 'yan matan ba sa ajin. Amma akwai abin da ɓangaren masu adawa su ma ke tsallakewa. Yarinyar da aka kai ɗakin miji tana da shekara 15 ta fi kowa buƙatar sanin jikinta. Tana buƙatar sanin alamomin ciki, da amfanin zuwa awo, da cewa naƙudar da ta wuce yini ba jarumta ba ce, hatsari ne. Doguwar naƙuda ce babban abin da ke haddasa yoyon fitsari, lalurar da ake yi wa mata aikinta a cibiyar Babbar Ruga da ke Katsina da ta Laure a Kano da kuma Jahun a Jigawa. Aure ba ya zuwa da wannan sani.

A ɓangaren ƙanjamau, babban binciken da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 a faɗin ƙasa. Arewa maso Yamma ce ke da mafi ƙaranci, kashi 0.6. Wannan abin godiya ne, amma ba dalilin sakin jiki ba ne, domin a tsakanin 'yan shekara 20 zuwa 24, mata sun ninka maza sau uku wajen kamuwa. Sannan a cikin matasa 'yan shekara 15 zuwa 24, kashi 43 na mata da kashi 34 na maza ne kawai ke da cikakken sani kan yadda cutar ke yaɗuwa da yadda ake kauce mata.

Gida da Islamiyya

A gidan Bahaushe, uwa da uba ba su ne aka sani da wannan magana ba tun asali. Uwar da ke kunyar kiran sunan ɗanta na fari, ta yaya za ta zaunar da shi ta yi masa bayanin mafarkin balaga? Al'ada ta san da wannan giɓi, shi ya sa ta tanadi masu cike shi. Akwai kaka, wadda wasan jika ya ba ta damar faɗin abin da uwa ba za ta iya ba. Akwai gwaggo da inna, akwai yayye, akwai tsofaffin da ke yi wa amarya huɗuba kafin a kai ta.

Wannan tsari ya yi aiki ne lokacin da ake zaune a babban gida, kaka na ɗaki ɗaya, gwaggo na maƙwabta. Yanzu ma'aikacin da ke haya a ɗaki biyu a Rigasa ko Kurna, tsohuwarsa na ƙauye, sai sallah-sallah ake ganin ta. Masu cike giɓin sun yi nisa, kunyar kuma tana nan inda take. Abin da yarinya kan samu ranar da ta fara ganin jinin al'ada, in ta yi sa'a, shi ne gargaɗi mai jimla ɗaya: kin girma, idan namiji ya taɓa ki za ki yi ciki. Ba a faɗa mata wane irin taɓi ba. Ba a faɗa mata kwana nawa jinin zai yi ba, ko ciwon marar da ya kamata a kai asibiti, ko wanda za ta gaya wa idan mai taɓin ɗan gida ne. Namiji kuwa ko wannan jimlar ba ya samu.

Makarantar Islamiyya ta fi gida ƙoƙari, kuma a nan ne hujjar masu cewa batun baƙon abu ne take rauni. Littattafan fiƙihun Malikiyya da aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ba su ɓoye komai ba a babin tsarki. Ana karanta hukuncin haila da jinin biƙi da janaba, ana bambanta maniyyi da maziyyi da wadiyyi. Hadisi ya tabbatar da cewa Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah (SAW) hukuncin macen da ta yi mafarki, ya kuma ba ta amsa. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba.

To amma fiƙihu hukunci yake koyarwa. Zai gaya wa yarinya yaushe za ta yi wanka ta koma salla, ba zai gaya mata cewa ƙaiƙayi da ruwa mai wari alamar cuta ba ne. Zai gaya wa saurayi zina haramun ce, ba zai gaya masa yadda ciwon hanta nau'in B ke bi ta jini da saduwa da kuma daga uwa zuwa jariri ba. Ba aikinsa ba ne. Ga shi kuma sau da yawa malamin namiji ne matashi a gaban aji na 'yan mata, sai ya karanta babin da sauri, ya fassara a dunƙule, ya wuce.

Masu cike giɓin yanzu

Yaro ba ya daina tambaya don manya sun yi shiru. Wajen da yake kai tambayar ne ke canjawa. Yau malamar 'yan mata a wannan fanni ita ce mai tallar kayan mata a TikTok da Instagram, wadda ke magana da Hausa tsantsa ba tare da sakaya ba, kuma ribarta ta dogara ne ga sa mai kallo ta ji cewa jikinta na da naƙasu. Malamin samari shi ne mai maganin gargajiya da lasifika a tasha, wanda kalmar "sanyi" ɗaya a bakinsa ta haɗa cututtuka iri-iri da ba su da alaƙa da juna, kuma duk kwalba ɗaya ce maganinsu. Sai bidiyon batsa da ke yawo daga waya zuwa waya.

Idan ciwo ya zo, ba asibiti ake nufa ba. Budurwa na tsoron kallon da ma'aikaciyar jinya za ta yi mata, ko a ci karo da 'yar unguwa a layi. Sai a tafi kemis a ce "toilet infection" ne, a sayi ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta na kwana biyu, a daina sha da zarar ƙaiƙayi ya lafa. Likitoci sun daɗe suna bayanin cewa cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ba daga masai ake samun su ba, kuma wasunsu idan ba a yi maganinsu daidai ba suna iya toshe hanyar ƙwai, su jawo rashin haihuwa. Shekaru bayan nan, matar ce za a ɗora wa laifi a gidan miji.

Irin wannan giɓi ya fito fili a watan Oktoban 2023, lokacin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar HPV mai haddasa sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kama mata kimanin 12,000 ta kuma kashe kimanin 8,000 a ƙasar a 2020. Nan da nan saƙonnin murya suka cika WhatsApp cewa allurar hana haihuwa ce. Al'ummar da ba ta manta gwajin maganin Trovan na 1996 a Kano ba tana da dalilin yin tambaya. Sai dai uwar da ba a taɓa yi mata bayanin mene ne bakin mahaifa ba, da me za ta auna gaskiyar saƙon da aka turo mata?

Babbar fargabar iyaye ita ce sani zai buɗe wa yara ido. Hukumar UNESCO, a jagorar da ta sabunta a 2018 bayan bitar bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban, ta ce irin waɗannan darussa ba sa ƙara yawan saduwa a tsakanin matasa, wasu ma suna sa a jinkirta farawa. Mai shakkar duk abin da ya fito daga waje yana iya ƙin yarda. Amma ko shi ba zai musa cewa cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna, suna karɓar ƙananan yara ba. Kaduna ta tsaurara hukunci a 2020, har da dandaƙa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Hukunci yana zuwa ne bayan ɓarna, kuma sai yaron ya san abin da aka yi masa laifi ne kafin ya faɗa.

Inda ake samun ci gaba a Arewa, an same shi ne ta hanyar kauce wa sunan. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta shafe shekaru tana tara 'yan mata rukuni-rukuni a ƙauyuka, ƙarƙashin wata mace da iyaye suka sani suka kuma yarda da ita, ana haɗa karatu da lissafi da bayanin lafiya. Shirin AGILE da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda aka fara da jihohi bakwai ciki har da Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno, ya ɗauki irin wannan salo da sunan dabarun rayuwa. In an duba da kyau, gwaggon da ta yi nisa ce aka dawo da ita, aka ƙara mata horo. Abin da ya rage shi ne a yi wa malamai da malaman Islamiyya mata irin wannan horo, ta yadda babin tsarki zai zo tare da bayanin ma'aikaciyar lafiya. Wannan ba ya buƙatar sabuwar manhaja daga Abuja, hukumomin makarantun Islamiyya na jihohi za su iya yi.

Sai dai kusan duk waɗannan shirye-shirye na mata ne. Yaro namiji, ɗan boko ne ko almajiri ko mai koyon kanikanci, babu wanda ya ware masa zama. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin ɗaura aure a Kano. Ga samari da yawa, ranar karɓar sakamakon ita ce karon farko da wani ma'aikacin lafiya zai yi musu bayanin waɗannan cututtuka, bayan an kai kuɗin aure, an sa rana, an kuma buga kati.