Zargi ba hujja ba ne, ko da a kan mai tabo

Jama'a, jiya da la'asar ina kallon dattawa suna buga dara a gindin bishiya nan Darini, sai labarin Hans Niemann ya faɗo mini a rai.

Niemann ɗan Amurka ne da ya kai matakin gwanin gwanaye a darar Turawa da ake kira ces. A watan Satumba na 2022, yana ɗan shekara 19, ya doke zakaran duniya Magnus Carlsen a gasar Sinquefield. Washegari Carlsen ya fice daga gasar, daga baya ya fito fili ya zarge shi da maguɗi. Yaron ya amsa cewa ya taɓa satar dabara daga kwamfuta a wasannin intanet, yana ɗan shekara 12 da kuma 16. Shafin Chess.com ya ce mai yiwuwa abin ya haura wasa 100. Amma a wasan da ya ci Carlsen gaba da gaba, ba a samu hujja ba. Ya kai ƙara yana neman dala miliyan 100, kotu ta kori ƙarar, suka sasanta a 2023. Hukumar FIDE kuma ta ci Carlsen tarar Yuro 10,000 saboda ficewar da ya yi.

Ni fa ban wanke Niemann ba. Shi ya jawo wa kansa tabo, kuma ya kamata yaranmu masu satar amsa a jarrabawa su san cewa abin yana bin mutum har girma. Amma laifin jiya ba shi ne hujjar laifin yau ba.

Abin da ya sa nake wannan maganar, mu nan Batsari da Safana mun san nauyin zargi. Can suna kawai ya ɓaci. Nan kuwa, da an ce wane infoma ne na 'yan bindiga, wallahi rai ne a kan layi. Sai ka ji an ce ai dama yana da hali, shi ke nan an gama shari'a a majalisa.

Masu cin amanarmu suna nan, ba musu. Wanda ke da hujja ya kai wa hukuma a bincika. Wanda ba shi da ita ya kama bakinsa, domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.