Gargaɗi ga Masu Dab'i da Dillalan Littattafai: Wa'adin Kwana 30

Daga marubuta da masu zanen littafi na Wurno, Rabah da Goronyo.



Mun aiko wakilai, mun sa dattawa baki, mun jira. Har yau ba mu ga lissafin littattafanmu ba. Daga wannan takarda ba za mu sake aiko wata ba.

Kun saba karɓar rubutu da baki, ku biya sau ɗaya, ku yi ta maimaita bugu mai shi bai sani ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ba ta ɗauki wannan a matsayin sayarwa ba. A wurinta, ba a sallama haƙƙin littafi sai a rubuce. Haƙƙin na marubuci ne muddin yana raye, kuma magadansa su riƙe shi shekara 70 bayan rasuwarsa. Duk wanda ke buga littafin ɗayanmu babu takarda, ya sani bai mallake shi ba.

Cikin kwana 30 daga ranar da saƙon nan ya iso hannunku, kowane littafi ya sami yarjejeniya da Hausa, boko ko ajami, yadda mai shi zai karanta da idonsa. Ta faɗi kwafi nawa za a buga da shekarun da izini zai ɗauka. Kason marubuci kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na farashin littafi, a yi lissafi duk wata 6. Bashin bugun baya a biya cikin wa'adin, a fara da na marayu da matan da mazansu suka rasu, domin wannan gado ne.

Izinin bugu na takarda ne kawai. Karantawa a rediyo ko YouTube, rarrabawa a WhatsApp da mayar da labari fim, kowanne da cinikinsa.

Mai zanen bango a sa sunansa, a biya shi a kowane bugu. Batun suna ba ma tattauna shi da kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kwance a Wurno tun 1837, kuma har gobe da sunansa ake kiran littafinsa Infaƙul Maisuri.

Wa'adi na cika, ba wanda zai sake miƙa muku rubutu ko zane daga garuruwan nan uku. Za mu janye izinin da muka bayar da baki, mu sanar da makarantun boko da na Islamiyya da 'yan kasuwa littattafan da ake jayayya a kansu. Za mu kai koke ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, mu shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato, mu nemi a dakatar da sayarwa, a lissafa ribar da kuka ci.

Wanda ya shirya, ya zo da littafin lissafinsa da rasitan maɗaba'a. Ba za mu zauna da wanda ya zo hannu rabbana ba.