Lambar Sirri Ba Ta Aro

Jama'a, tun da MTN ta kawo MoMo Gana a 2009, kuɗin iyayenmu mata ya bar bakin zane ya koma cikin waya. A kasuwar Aboabo da yawansu ba sa karanta Turanci, nan ɓarawo ke samun ƙofa. Sai ya turo saƙon ƙarya, ya kira ya ce kuɗinsa ya shigo bisa kuskure, a mayar masa. Jarin wata guda ya tafi ke nan.

Mu da muka yi boko, nauyin yana kanmu. Mu zauna da su, mu koya musu danna *170# su duba abin da ya rage kafin su tura ko sidi ɗaya. Lambar sirri kuwa, ko mai rumfar MoMo kada ya ji ta. Allah ya tsare.