Kitsen Jini Ba Ruwansa Da Launin Fata

An daɗe ana cewa wai ciwon zuciya cutar Turawa ce. Farfesa Grace Oladunni Taylor, wadda aka haifa cikin 1937, ta shafe shekaru a Jami'ar Ibadan tana awon kitsen da ke yawo cikin jinin mutanenmu, watau kolastarol, wanda in ya yi yawa yakan toshe jijiyoyin zuciya. Bincikenta ya nuna yawansa ba ruwansa da launin fata, cima ce da zaman jiki. UNESCO ta ba ta lambar girma cikin 1998.

To, ma'aikacin sakatariyar Minna da ke wuni bisa kujera, da dare mota ta kai shi wurin mai tsire, kada ya dogara da lafiyar kakansa manomi. Ya je a auna jininsa.