Rabin allura a ruga

Jama'a, ku leƙa teburin masu maganin dabbobi a kasuwar shanu: kwalaben oksitetarasaikilin na shan rana, ana sayarwa ba takardar likita. Abin da ya fi damuna shi ne rabin allura. Saniya ta miƙe bayan kwana biyu, makiyayi ya adana sauran maganin saboda tsada. To, ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa, gobe maganin ya zama ruwa. Ban ga laifin makiyayin ba, likitan dabbobi ya yi masa nisa. A kai masa rigakafin ciwon huhun shanu na cibiyar binciken dabbobi ta Vom har ruga, a kuma gaya masa kwanakin da nonon saniyar da ta sha allura ba zai shiga kasuwa ba.